'Yan mishan abokan Gwamna Lugga ne ko kishiyoyinsa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a wata makarantar tauhidi a Kudancin Kaduna. An ba mu aikin rubutu kan shugabannin ikilisiya na farko a Arewa. Na ɗauko littattafai biyu, ɗaya ya ce Turawan mulkin mallaka ne suka share wa 'yan mishan hanya, ɗayan ya ce su ne suka toshe musu ita. Kaina ya ɗaure. Wanne zan bi, kuma ta ina zan fara karatun?

Amsa: 'Yata, kowanne daga cikin littattafan nan ya kama wani ɓangare na gaskiya. Abin da ya raba su shi ne gari da shekara. Duk marubucin da ya ce miki "Arewa" a dunƙule, tambaye shi wace Arewa: Kano ta 1900, ko Wase ta 1904, ko Garkida ta 1923, inda wasu 'yan mishan suka kafa tasha?

Fara da Kano. A 1900 Bishop Tugwell na CMS (Church Missionary Society, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican) ya jagoranci ayarin mutum biyar, ciki har da wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Suka isa birnin, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu. Suka koma Girku a ƙasar Zariya, inda ɗayansu ya rasu. Lura da cewa a lokacin Turawa ba su ci Kano da yaƙi ba tukuna, sai a 1903. Lugga kuwa bai ji daɗin wannan tafiya ba, domin yana ganin za ta dagula masa lissafi. Bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Wannan alkawari shi ne sandar da Razdan-Razdan, wato Turawan da ke shugabantar larduna, suka yi ta kora 'yan mishan da ita shekara da shekaru, har suka fassara shi fiye da yadda mai shi ya faɗa.

Lugga kansa aboki ne ga Miller, kuma a zamaninsa ne Miller ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905 ya buɗe makaranta. Waɗanda suka biyo baya, Gwamna Girouard da Charles Temple, su ne suka ƙara ɗaure igiya. Ba ƙaunar Musulunci ce ta sa su ba. Da 'yan tsirarun ma'aikata suke mulkin ƙasa mai faɗi ta hannun sarakuna, kuma sun ga yadda yaran makarantun mishan na Ikko suka zama masu rubuta wa gwamnati ƙorafi a jarida. Ba su son irin wannan ta tsiro a Arewa. A ƙarshe aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa a 1929. Wani abin ban dariya: Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, makarantar da ba a koyar da addinin Kirista a cikinta, asalinsa ɗan mishan ne na CMS kafin ya sauya riga.

To, koma ƙasashen da ke wajen manyan masarautun Fulani, sai ki ga wani labari dabam. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda biyu daga cikin mutanenta uku na farko, Gowans da Kent, suka mutu a 1894, ba ta samu gindin zama ba sai a Pategi a 1902, bayan ƙasar ta shiga hannun Turawa. Karl Kumm na ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission), da ya zo a 1904, da shawarar Lugga ya sauka a Wase. A tsaunukan Filato da Kudancin Zariya sau da yawa sojan Bature ne ke fara shiga, mai wa'azi ya biyo sawu. Littafinki na farko wannan yake kallo. Ko a cikin masarautun ma ƙofa ta ɗan buɗe a shekarun 1930, lokacin da aka miƙa wa SIM asibitocin kutare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, saboda gwamnati ba ta da kuɗi da ma'aikatan da za su riƙe su.

Game da inda za ki fara, ni dai na kan sa ɗalibaina su fara da Christianity in Northern Nigeria na E. P. T. Crampton. Ba littafi ne mai armashi ba, amma ya jera abubuwa bi da bi, zai ba ki ƙashin bayan labarin. Daga nan ki ɗauki The Missionary Impact on Modern Nigeria na E. A. Ayandele, wanda ya fito a 1966. Ayandele na da kaifin alƙalami, kuma ya yi rubutu ne ƙasa na sabuwar samun 'yanci, za ki ji zafin lokacin a bakinsa. Sai bayan waɗannan ki taɓa na 'yan mishan da kansu, kamar Reflections of a Pioneer na Miller, na 1936.

A nan ne nake so ki yi a hankali. Littafin ɗan mishan ba domin ke aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne domin masu ba da gudummawa a Landan ko Toronto, kuma mai neman taimako ba ya cewa ƙasar da yake aiki lafiya lau take. Dole duhu ya yi yawa a shafukan farko domin haske ya fito a na ƙarshe. Haka shi ma rahoton Razdan, domin ubangidansa ya rubuta, shi kuma so yake a ce lardinsa shiru kake ji. Duka biyun suna kiran kakanninki da sunayen da ba za ki so ji ba. Kada hakan ya sa ki jefar da littafin, kuma kada ki kwafe kalmar ki zuba a takardarki kamar taki ce. Miller ma ba a gefe guda ya tsaya ba: yana ganin zuwan Turawa alheri ne, amma ya yi ta caccakar mulkin En'e har ma'aikatan gwamnati suka gaji da shi.

Dabarar da nake bi mai sauƙi ce. Kafin na karanta babi na ɗaya, sai na duba shekarar bugu, da wanda ya buga, da shafin godiya, domin a nan marubuci ke tona wanda ya ciyar da shi. Sannan na raba shafin littafin rubutuna gida biyu: dama abin da ya faru da shekararsa, hagu abin da marubucin ya ce yana nufi. In kika yi wa littattafanki biyu haka, za ki tarar ɓangaren dama ya kusa zama ɗaya.

Amma aikinki a kan shugabanni ne, kuma a nan littattafan Turawa suka fi rauni. Ana yawan cewa Miller ya fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, alhali ya yi aikin ne da wasu 'yan mishan da kuma Hausawan da ke gyara masa harshe, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba. Haka Isawa, wasu Musulmi masu girmama Annabi Isa ƙwarai, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa, su ne da ƙafarsu suka nemi Miller wajen 1913, aka kafa ƙauyen Gimi, wanda ciwon barci ya watsa daga baya. Daga wannan ƙaramar al'umma ta Zariya da Wusasa aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko a Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a 1966. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Domin irin waɗannan mutane nemi Who Shall Enter Paradise? na Shobana Shankar, wadda ta bi sawun masu bishara da ma'aikatan asibiti 'yan ƙasa.

Kaduna ba ta yi miki nisa ba. Je gidan adana takardun tarihi na ƙasa ki nemi fayil ɗin lardin Zariya, ki leƙa Gidan Arewa. In kin dawo, ki zauna da dattawan majami'arku da littafin rubutu, ki tambaye su wane ne mai bishara na farko da ya kwana a ƙauyenku, wa ya ba shi masauki, da kuma abin da dagaci ya ce da ya ji labari.