Amsa ga Anti kan yaron da ya daina barci

Salamu alaikum 'yan gurup. Anti na saurari saƙonki, kin ce yaron kwana da kwanaki bai runtsa ba, ba ya cin abinci, yana ta cewa ana leƙensa ta taga, wai ko aljanu ne ko a kai shi gidan mari. Ni dai abin da na ji kina tambaya a ƙasan zuciyarki shi ne ƙwaya ce ko ba ƙwaya ba. To Anti wannan kamannin ais ne, ƙanƙarar nan da suke ƙonawa a ɗan bututun gilas suna zuƙar hayaƙin, likita ne zai tabbatar amma alamun sun cika.

Kuma kar ki haɗa ta da kodin da gwamnati ta hana a 2018, shi kodin kwantar da mutum yake, ita wannan tayar da shi take, zuciya na gudu, jiki ya yi zafi, baki ya bushe har haƙora su lalace, in rashin barcin ya yi yawa sai zargi da gane-gane su shigo. Kuma a nan ƙasar ake dafa ta, tun 2011 hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA ta gano wajen haɗa ta a Legas, a 2016 kuma aka gano wani babban wajen haɗa ta a Asaba har da 'yan Meziko a ciki, shi ya sa ta yaɗu haka.

Gidan mari kuwa, haba Anti. Mun manta na Rigasa a Kaduna a 2019? ɗaruruwan mutane 'yan sanda suka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa. Akwai ɗan maƙwabcinmu da aka kai irin wajen nan, ya dawo idon sawunsa duk tabo, bai yi sati ba ya koma, kuma daga ranar bai ƙara yarda da uwarsa ba, ko ciwo yake ba ya faɗa, ita kuma ta sayar da akuyoyinta ta biya, kuɗin abinci daban, kuɗin rubutu daban, wallahi har yau in na tuna... to bar wannan.

Yanzu dai kar a taru a kansa ana ihu, mai zargi in an kewaye shi zai iya yin komai. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya zauna da shi, a kawar da wuƙaƙe, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kunu, ayaba, duk abin da zai shiga. A faɗa masa ƙiri-ƙiri kar ya haɗa da tiramol ko giya, tiramol na jawo farfaɗiya. In ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko jikin ya yi zafi rau, ko ya fara jijjiga, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. A'a ba ma sai an jira wannan ba, tunda har ya fara gane-gane a kai shi ɓangaren ƙwaƙwalwa, Dawanau in kuna Kano, ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

In ƙwayar ta sake shi zai yi ta barci kamar gawa, ya tashi da baƙin ciki mai nauyi, a lokacin ne wasu ke tunanin kashe kansu, kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki. Ki kira ni bayan isha'i, akwai abin da ba zan faɗa a gurup ba.