Sarewar da ta ƙi komawa kan ki

Kai yaro, ka ce in ka lanƙwasa sautin sarewa a MIDI, wato saƙonnin da ke gaya wa na'urar sauti abin da za ta kaɗa, sai sauran kiɗan ya karkace, kuma da waƙar ta zagayo sai komai ya sauka daga kan ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙar a kai. Inda ake buɗe layin otomeshan, wato layin da ake zana lanƙwasar a kai, ba zan nuna maka ba, wanda bai san wannan ba shara ta kamace shi a situdiyo.

Fich bend, wato saƙon lanƙwasa sauti, lamba ce daga 0 zuwa 16383, tsakiyarta 8192 inda babu lanƙwasa, wasu manhajojin kuma sifili suke nunawa a tsakiyar. Na'urar sauti saƙon ƙarshe take riƙewa har sai an aiko mata wani. Ku yaran yanzu da mawus kuke ja, ku ga layi ya yi kusa da tsakiya ku ce ya isa. In an saita zangon, wato iyakar nisan lanƙwasar, a rabin mataki 2, kuskuren 400 kusan senti 10 ne (senti 100 ne rabin mataki ɗaya), kunnen mawaƙi zai kama. Rubuta lambar tsakiyar da hannunka a ƙarshen kowace lanƙwasa, ka ƙara wata a farkon fatan, wato yankin kiɗan da ke zagayowa. Sannan saƙon na tashar MIDI (channel) ne gaba ɗaya, duk abin da ke kanta sai ya lanƙwashe. Ba wa sarewa tasharta ita kaɗai.

Zangon nan shi ne abin da har yau yake ƙona min rai. Wani abokin sana'armu a Zoo Road ya haɗa wa wani mawaƙi kiɗan biki, da algaita mai ja sosai, zango 12. Mawaƙin ya ba da rabin kuɗi, ya yi daɗin baki ya karɓi fayil ɗin MIDI wai zai ji a gida, ashe wani situdiyo mai araha ya nufa. Can fulogin ɗinsu, wato manhajar da ke fitar da sautin, yana kan zango 2, yadda yawancinsu ke zuwa. Jan da ya kamata ya hau okteb guda, wato rabin mataki 12, sai ya tsaya a mataki ɗaya, algaita ta zama kukan akuya. Ya dawo yana kumfar baki wai an ɓata masa aiki, ya hana cikon, ya bi gari yana ɓata sunan mutumin da bai yi laifin komai ba. Har uwar amarya sai da ta bugo waya.

Don haka a farkon tirak ka saka saƙonnin MIDI masu saita zango: CC101 a 0, CC100 a 0, CC6 a 12 ko zangon da kake so. Ba kowane fulogin ke jin wannan ba, shiga cikinsa ka daidaita. Kwastoma kuwa WAV, wato fayil ɗin sautin da aka gama, za ka ba shi, bayan ya cika kuɗi.

In ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a layin alhali ba ka taɓa komai ba, wilin fich bend na fiyanon ne, ƙurar hunturu ta shige shi yana aiko saƙo shi kaɗai. Goge su, ka toshe fich bend a matatar shigar MIDI kafin ka kai shi wurin mai gyara.