An ninka mana kuɗin gida da shago, ga hanya ba gyara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a wani ƙauye a Jigawa, shagona a jikin gidana yake. Bara naira 2,000 na biya, bana masu karɓar haraji sun ce 5,000. Ga asibitinmu ba magani, damina ta cinye hanyar kasuwa. Ɗayansu ya ja ni gefe ya ce in kawo rabi, ba sai an yanka rasit ba. Dattawa kuma na cewa ai Rimi ya soke haraji. Wallahi na rasa tudun dafawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya yi mana jagora. Abin da marigayi Abubakar Rimi ya soke a 1979, lokacin Jigawa na cikin Kano, harajin kai ne da jangali. Na gini daban ne. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kimanta gidaje, amma majalisar dokokin jiha ce ke tsara abin da za a karɓa. Ƙari ba a baki ake yin sa ba. Ka nemi takardar neman biya mai hatimi, a nuna maka dokar da ta kawo 5,000.

Amma abin da ya tayar mini da hankali wannan rabin ne. Malam, kada ka yarda! Na gaji da jin mutane na kiran wannan abu sassauci. Wane sassauci? Na yi shekaru ina duba littattafan kuɗin shiga. Rasit na gaskiya yana da lamba, yana da kwafi da ke zama cikin littafin, kuma da kwafin nan ake ƙure mai karɓa ranar lissafi. Kuɗin da ba a yanka masa rasit ba, a aljihu yake kwana. Sunanka kuwa yana nan cikin waɗanda ake bi bashi. Na taɓa ganin dattijo a bakin ofis da hula a hannu, yana rantsuwa ya biya shekara uku. Na yarda da shi har zuciyata, amma ko ƙyallen takarda ba shi da shi, sai da ya sayar da akuya ya sake biya. Wanda ya ja shi gefe tuni an yi masa canjin wurin aiki. Haka rasit mara lamba, wanda aka buga a shagon kwamfuta, da shi da babu duk ɗaya. Ka duba lamba, ka duba hatimi, ka adana shi cikin leda tare da takardar filinka.

Batun hanya da asibiti, kukanka yana kan gaskiya. Sai dai yawancin kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja yake zuwa, inda ƙananan hukumomi 774 ke raba kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Don haka ku haɗa kai, teloli da mahauta da masu shaguna, ku sanar da mai unguwa da dagaci, ku kira kansilan mazaɓarku. Kowa ya zo da rasit ɗinsa a hannu, ku ce ya kawo muku kasafin bana, ya nuna layin da aka rubuta hanyar kasuwarku da nawa aka ware mata.