Amsoshin tambayoyinku kan injin dayatami na ɗakin tiyata

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyin Jos. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, injin nan da likitoci ke yanka da tsaida jini da shi a tiyata, dayatami. Na zaɓi waɗanda suka shafi saye da zaɓi, sauran sai wani lokaci in Allah ya kai mu.

Na farko daga wani likita ne mai ƙaramin asibitin kuɗi a Bukuru. Ya ce an kawo masa tayi biyu, tokumbo Valleylab Force FX da kuma sabo dal ɗan Chaina a kwali, kuɗinsu kusan ɗaya, aikinsa bai wuce siyes (tiyatar haihuwa) da kaba da afendis ba, wanne zai ɗauka?

Ranka ya daɗe likita, in ni ne zan karkata ga Force FX ɗin, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi sunan injin muhimmanci. Kar ka biya ko sisi sai an ɗora shi kan na'urar gwaji a gabanka an rubuta maka lambobin da ya bayar. Force FX lafiyayye yana ba da wat 300 a yanka, wat 120 a tsaida jini, wat 70 a baifola (aiki da hantsaki mai baki biyu, ba faranti), toh in aka sa shi a 100 aka ga yana fitar da 60 ka san akwai magana a ciki komai kyan fentinsa. Abu na biyu ka juya bayansa ka karanta lambar wuta da idonka, da yawa daga cikin tokumbon nan daga Amurka suke zuwa kuma na bolt 110 ne, mu kuma 230 muke sha, yaro ɗaya ya soka shi a soket ba taransifoma shikenan an gama. In da hali ka nemi wanda aka ƙera wa 220 zuwa 240 tun asali ka huta. Dalilin da ya sa na fi son sa shi ne littafin sabis ɗinsa yana hannun kusan kowane injiniyan asibiti, fensir (abin da likita ke riƙewa ya yi yanka) da faranti (abin da ake manna wa mara lafiya don wutar ta koma inji) da wayoyinsa kuma ba sa wahalar samu. Kamfanin Valleylab ɗin yana ƙarƙashin Medtronic tun da suka sayi uwar kamfanin, Covidien, a 2015. Erbe na Jamus ma gangariya ne wallahi, sai dai kafin ka saya ka tabbatar kana da inda za ka riƙa samun wayoyinsa don bakin soket ɗinsu ba koyaushe yake daidai da fensir ɗin kasuwa ba.

Ɗan Chainan kuma ban ce ba shi da kyau ba, akwai masu aiki lafiya lau, matsalar ita ce wasu ba littafi ba safaya, mai sayarwa kuma da ya karɓi kuɗi sai lambarsa ta daina shiga. In shi ranka ya kwanta da shi ka tambayi abu uku: yana lura da mannewar faranti a jikin mara lafiya ko a'a, akwai garanti a rubuce, kuma wa zai gyara shi a nan Jos ko Abuja ba sai an tura Legas ba. In mai sayarwa ya fara kame-kame a ta farkon ka bar masa kayansa.

Ta biyu ita ce ta fi tsawo kuma ita ta fi damuna. Wani ƙanena ne da bai daɗe da fara aikin gyaran kayan asibiti ba, ya ce ogansa yana gwada dayatami da jiƙaƙƙen sabulu, a ɗora sabulun kan faranti a taɓa shi da fensir, in ya yi tartsatsi sai a manna takardar an duba. Yana tambaya ko hakan ya isa, in bai isa ba wace na'urar gwaji zai ce wa asibiti su saya, ko maltimitarsa, wato mitar awon wuta ta masu gyara, za ta iya?

Ƙanena bai isa ba. Gwajin sabulu ko nama abin da yake gaya maka kawai shi ne wuta na fita, bai gaya maka nawa take fita ba, bai gaya maka ina sauran take bi ba, kamar ka sayi mota ne don ka ji hon ɗinta na kuka. Ba laifi a yi shi da safe kafin a fara aiki don a ga fensir da feda suna amsawa, amma kar a kira shi gwaji. Maltimita kuma ka ajiye ta gefe, ita an yi ta ne don wutar gida mai haz 50, wato mai juyawa sau 50 a sakan, shi kuwa injin nan yana aiki a wajen kilohaz 300 zuwa 500, kuma a tsaida jini ƙarfinsa na kaiwa dubban bolt, ko ta ba ka lambar ƙarya ko ta ƙone a hannunka. Wannan saurin ne ma ya sa wutar ke ratsa jikin mutum ba ta girgiza shi ba, don in ta haura kilohaz 100 jijiya da tsoka ba sa amsa mata, zafi kawai take zama. Tun 1926 da William Bovie da likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing suka fara aiki da irin injin a Boston ilimin bai canza ba, kayan tsaro ne aka yi ta ƙarawa.

Ainihin gwajin ga yadda yake. Za ka fara da ido da hannu, wayar wuta, fulogi, fiyus, bakin soket ɗin fensir da na faranti ko sun yi lako-lako, feda ko ruwan wankin tiyata ya shiga cikinta, maɓallin rawaya na yanka da shuɗi na tsaida jini kowanne da irin kukansa. Sai lafiyar wuta ta gama-gari, inda za ka auna wayar ƙasa daga fulogi zuwa jikin injin, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 62353 ta ce turjiyarta kar ta wuce om 0.3 haɗe da wayar wutar. Sai ƙarfin fitarwa, a nan ne analaiza, wato na'urar gwajin dayatami, ke shigowa, za ka zaɓi lodin da littafin injin ya ce, misali a Force FX om 300 ne a yanka, 500 a tsaida jini, 100 a baifola, ka gwada a ƙasa da tsakiya da ƙololuwa. IEC 60601-2-2 ta yarda da bambancin kashi 20 cikin ɗari, wato ka sa 100 ka samu tsakanin 80 da 120, amma in littafin kamfani ya fi haka tsauri shi za ka bi. Kuma dan Allah kar ka danne feda kana hira, yawancinsu sakan 10 ne a kunne sakan 30 hutu, mutane na ƙona tiranzista wajen gwaji fiye da yadda kake zato. Sai yoyon wuta mai saurin nan, wacce ke sulalewa ta bi wata hanya zuwa ƙasa maimakon ta koma ta faranti, ana auna ta a kan om 200 kuma kar ta wuce miliamfa 150 a monofola, wato aiki da fensir da faranti. Ita ce ke ƙona mutum a wurin da ba a zata ba, wajen maƙalin na'urar bugun zuciya ko inda hannunsa ya taɓa ƙarfen gado.

Na ƙarshe shi ne alam ɗin faranti, kuma albishirinka wannan ko ba analaiza za ka iya shi yau ɗin nan. Ka samu tsohuwar wayar faranti mai gida biyu, wato wanda aka raba fuskarsa biyu kowane ɓangare da wayarsa, ka yanke ta, ka haɗa rizisto mai juyawa tsakanin wayoyin biyu, ka riƙa ƙarawa a hankali ba tare da ka danna fensir ba. A injinan Valleylab fitilar tana zama koriya tsakanin om 5 zuwa 135, in ka fita daga nan ko lambar ta haura da kashi 40 kan inda ta fara dole ta koma ja, ya yi ƙara, ya yanke wuta. Ka cire riziston ka auna da maltimitarka ka rubuta inda ya yi kukan, kaga a nan ta yi amfani. In bai yi kuka ba injin nan kar ya koma tiyata ko da shugaban asibiti ne ya ce a mayar.

Batun saye kuwa, sanannun su ne Fluke QA-ES III da Rigel Uni-Therm da ESU-2400 na BC Biomedical, duk suna aikin. Amma gaskiya sabuwar analaiza ta fi tokumbon dayatami tsada nesa ba kusa ba, asibiti mai inji ɗaya ko biyu bai kamata ya saya ba, asara ce, gara ku yi yarjejeniya da injiniyan da ke da ita ya riƙa zuwa duk wata shida ko aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowane gyara. In injinanku sun kai biyar ko shida ko kuma kai kana son ka riƙa zagaya asibitocin Jos da Bukuru har Akwanga da Lafiya kana yi musu, toh a nan ta biya kuɗinta. In tokumbo za ka saya ka duba takardar saitinta ta ƙarshe, don ita ma ana saita ta duk shekara, analaizar da ta kauce ta fi rashinta haɗari tunda za ka sa hannu kan ƙarya da zuciya ɗaya. Ogan naka kuma kar ka je masa da gadara, ka nuna masa shafin a littafin sabis ka ce oga ga abin da na gani, a hankali ake bi da manya.

Sai wata sista mai kula da tiyata a nan cikin gari, ta ce faranti mai mannewa na amfani ɗaya yana cin kuɗi, masu asibitin suna so a koma farantin ƙarfe da ake wankewa, ko a riƙa maimaita mai mannewar sau biyu sau uku. Ta ƙara da cewa wani mai gyara ya ce zai iya kashe musu alam ɗin tunda yana yawan damunsu.

Sista ki riƙe mai mannewa mai gida biyu, ki sa kuɗinsa cikin kuɗin aiki kamar yadda ake sa zare da safar hannu. Wutar da ke yanka a bakin fensir ita ɗin ce dai ke fita ta faranti, abin da ya sa can take yanka nan ba ta yi shi ne faɗi, a bakin fensir ta taru wuri ɗaya ƙanƙani, a faranti ta bazu. Toh duk abin da ya rage faɗin da ke taɓa fata, faranti ya lanƙwashe ne, gam ya bushe ne, gefe ya ɗaga lokacin da aka juya mara lafiya ne, wurin da ya rage sai ya fara dahuwa, shi kuma yana cikin barcin allura ba zai ce wayyo ba sai an yaye zani a ga aika-aika. Mai gida biyu injin yana tura 'yar siginar tsakanin gidajen ta cikin fatar, da ya ɗaga zai sani. Na ƙarfe ko mai gida ɗaya kuwa injin wayar kawai yake gani, ko farantin na ƙasa kan tayil ba za ki ji ya yi kuka ba. Maimaitawa ma kar ki yarda, gam ɗin ba ya kama na biyu kamar na farko, ga ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. In dole ta sa sai mai wankuwa, a je ga na roba mai laushi da kamfanin injin ya amince da shi, a ɗaure shi da kyau, kuma wani ya riƙa leƙawa duk sanda aka motsa mara lafiya.

Wurin mannawa tsoka mai kauri kusa da inda ake aiki, cinya ta fi yawa, a bushe, a aske gashi in da shi, ban da kan ƙashi ko tabo ko inda aka sa wa mutum ƙarfe. A bar sifirit ya bushe tas kafin a taɓa feda, kar ya kwanta ƙarƙashin mara lafiya don yana kamawa da wuta. In likita ya fara cewa a ƙara a ƙara ba ya ci, kafin ki murɗa ki duba faranti da waya da kan fensir ko ya yi baƙi, sau da yawa matsalar na can. Mai cewa zai kashe alam kuma ki ce masa an gode, kar ya sake taɓa muku inji. Alam mai yawan kuka ko faranti ne mara kyau ko waya ta karye daga ciki ko bakin soket ya saki, duk abin gyarawa ne da kuɗi kaɗan.

Akwai wani Alhaji mai kula da sayayya a wani asibiti a Abuja da ya tambaya sitabilaiza zai saya wa injin ko yufiyes (UPS, mai riƙe wuta da batir in an ɗauke). Alhaji in kuɗi ya kai ka sayi yufiyes irin wanda wuta ke bi ta cikinsa koyaushe mai fitar da wuta tsaftatacciya, mai ƙarfin wajen kebiye (kVA) 2 ya wadatar wa inji ɗaya, amma a duba abin da aka rubuta a bayan injin tukuna. Amfaninsa lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kafin janareta ya ɗauka, wannan tsallen ne ke kashe bod ɗin cikin injin. In kuɗin bai kai ba sitabilaiza irin wanda ake kira servo, ban da ƙananan nan na firji masu ƙas-ƙas. Amma kafin duka biyun a kira mai wayarin ya auna wayar ƙasa ta soket ɗin tiyatar, gine-gine da yawa rami na uku a soket ado ne kawai ba a haɗa shi da komai ba, kuma ba yufiyes ɗin da zai gyara wannan. Ku na Jos ku ƙara da abin kare tsawa saboda damina, in hunturu ya shigo kuma a cire fulogi a busa ƙurar da ke ramukan shan iskar injin, a daina ɗora masa ledar ruwa da kwanon magani a kai.