Tambaya da Amsa: Gyaran Gadon Mota Mai Ɗakin Kwana

Tambaya: Assalamu alaikum. Gadon da ke cikin motarmu mai ɗakin kwana ya lotsa a tsakiya, kuma da mutum ya juya sai ya kama ƙara. In sauya falankin kawai, ko akwai abin da ya fi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da falanki, fara da abin da ke riƙe da shi. Masu ƙera irin waɗannan motoci suna gudun nauyi, shi ya sa suke haɗa firam ɗin da siraran katakai, sau da yawa da 'yan ƙusoshin inji kawai. Girgizar hanya ce ke sassauta su a hankali, ƙarar nan kuma gogayyar katako da katako ce.

Ɗauke katifa, ka ɗaga falankin, ka girgiza kowace mahaɗa da hannu. Wadda ta motsa, shafa mata gam ɗin katako, ka ɗaure da sukuru. Fara huda ƙaramin rami kafin sukuru ya shiga, in ba haka ba siririn katako tsagewa yake yi. A kusurwoyi huɗu, ƙara ƙarfe mai lanƙwasa ko guntun katako. Sannan ka shimfiɗa katakai masu kaurin milimita 38 a kwance, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 40, na tsakiya kuma ka ba shi ƙafa har ƙasa.

A kula: ƙarƙashin gadon nan ne ake yawan ɓoye tankin ruwa, bututu da wayoyin lantarki. Auna tsawon kowane sukuru kafin ka murɗa shi. Guda ɗaya ya isa ya huda tanki.

Idan an tallafi falanki mai milimita 12 da kyau, ya wadatar. Mai 18 ya fi ƙarfi, amma ya fi nauyi da kusan rabi, mu kam ba ma son sa sai in tsohon ya ruɓe.

Tambaya: Na sayi sabuwar katifa mai kauri. Yanzu gadon ba ya tsayawa idan na ɗaga shi, maƙalar ɗaya daga cikin sandunan gas ɗin da ke tokare shi a sama ma ta ɓalle daga katako.

Amsa: Hajiya, katifarki ta fi ƙarfin sandunan. Duba jikinsu, za ki ga lamba da harafin N, ita ce ƙarfinsu. Nemi masu tsawo ɗaya da su amma da suka ɗan fi su ƙarfi, ki sauya biyun tare, don gadon kada ya murɗe. Kada ki wuce gona da iri, sanda mai ƙarfi sosai tumɓuke hinji take yi. Wurin da ya ɓalle, kada a mayar da sukuru cikin tsohon rami. A liƙa katako mai kauri ta baya, a huda har ya fita, a ɗaure da bol mai milimita 6, washa mai faɗi da noti mai robar kulle. A tokare gadon da katako kafin kowa ya sa kai ƙarƙashinsa.

Tambaya: Me ke kawo baƙin tabo a ƙarƙashin katifa?

Amsa: Fumfuna ce. Ɗumin jiki ya haɗu da sanyin falanki, sai laima ta taru. A huda ramuka a falankin masu faɗin milimita 25, tazarar santimita 15, ban da kan katakan tallafi, a riƙa jingine katifar da safe ta sha iska.