Kada aljanar ta riga tsoro isowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karanta aikin jarida a nan Bauchi, ina zaune a Gwallameji. Mu shida aka haɗa mu shirya fim na minti 15 a matsayin aikin kammala karatu. Labarin wata ɗaliba ne da ta kama ɗaki a wani tsohon gida mai tsamiya a tsakar gida, ashe akwai mutanen ɓoye a wurin. Mun tsayar da shawarar mu buɗe da aljana tana fitowa daga jikin tsamiyar cikin hayaƙi, idanunta jajur, mu haɗa da kwamfuta. Kyamara ɗaya muka samu aro, ta kwana biyu. Yaya za mu tsara buɗewar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Labarinku yana da kyau, amma buɗewar nan ku ajiye ta. Idan aljana ta bayyana a minti na farko, me kuka rage wa mai kallo a sauran minti 14? Ga kuma hayaƙin kwamfuta da jajayen idanu, in hannun da ya yi su bai ƙware ba, dariya suke jawowa, kuma zauren da ya fara da dariya da wuya ya koma jin tsoro. Na sha zama a bayan ɗakin da ake nuna finafinan ɗalibai, na ji yadda ake ƙyalƙyacewa daidai inda darakta ya so a yi salati.

Kuna da wata dukiya da ba ku lura da ita ba. Mai kallonku Bahaushe ne, ya shigo da tsoronsa tun daga gida. Tun yana yaro aka hana shi zama gindin tsamiya ko kuka da almuru, aka hana shi fito da dare, aka ce kada ya zubar da ruwan zafi a ƙasa bai yi bismillah ba. Ba sai kun koya masa komai ba. Aikin buɗewarku shi ne ku tuna masa da doka ɗaya daga cikin waɗannan, sannan ya ga an karya ta a gabansa alhali ba shi da ikon hanawa.

Da ni ne, ga yadda zan yi. Keke Napep ya sauke yarinyar a ƙofar gida da jakarta da risho da bokiti, rana ta yi ja. Wata dattijuwa tana kora jikokinta ɗaki. Ta dube ta ta ce, "Sannu da zuwa 'yata. Ruwan zafi dai a kai shi makwarara, ban da gindin bishiyar nan." Yarinyar ta ce, "To Baba," idonta na kan waya. Ta dafa taliya, ta fito da tukunya, makwarara ta yi mata nisa, sai ta tsiyaye ruwan a gindin tsamiya. Tururi ya tashi. Kukan gyare da ake ji tun farkon fim ya ɗauke ɗif. Ta cire silifas a bakin ƙofa ta shige, labule ya sauka. Kyamara ba ta bi ta ba, ta tsaya a kan takalman nan suna fuskantar ɗaki. Da ta leƙo ɗaukar buta, takalman sun juya suna fuskantar tsamiya. Sai sunan fim ya fito. Ko sisi ba ku kashe wa kwamfuta ba, kuma duk wanda ke zauren ya san an taɓa waɗanda ba a taɓawa.

Wannan duka kada ya wuce minti biyu. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka idan buɗewarku ta kai shafi huɗu, surutu ya yi yawa. Ku zana kowace ɗauka a takarda, ko da mutum-mutumin tsinke ne, ku sa mata lamba. Goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa.

Inda za ku sha wuya shi ne haske. Bauchi tana wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka almurunmu gajere ne: daga faɗuwar rana zuwa duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Kwana biyu ke nan kuna da kamar minti arba'in, kuma a cikinsu ne za a kira magariba, kowa ya nemi buta. Kada ku ɗora buɗewar gaba ɗaya a kan wannan ɗan taƙin. Ɗaukar nesa guda biyu kawai za ku bar wa almurun gaske, wato isowar Keke da hoton tsamiya ta tokare sama. Fuskoki da tukunya da takalma ku ɗauke su tun la'asar sakaliya a inuwar katanga, ku rage hasken a kyamara, a ƙarasa wajen editin. In da hunturu ne ma kun huta, hazo yana tausasa rana. Tururin kuma ba ya fitowa sai haske ya bugo shi ta baya, don haka ku ɓoye fitilar caji a bayan bishiyar. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, to ku saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙwan lantarkin ɗakin zai riƙa ƙifta ido a hotonku.

Shirun nan da na ce, shi ne ƙashin bayan buɗewar, kuma ba ya samuwa a lokeshan. Gwallameji da yamma janareta ne da babura da hayaniyar ɗalibai. Gina shi ake yi. Mutum ɗaya ya koma gidan da tsakar dare ya naɗi kukan gyare na minti uku, ya naɗi motsin ganye, ya naɗi zubar ruwa a ƙasa daban. Wajen editin sai ku shimfiɗa gyaren tun daga hoton farko, a hankali, yadda kunne zai saba har ya manta da shi, don sai an saba da sauti ake jin ɗaukewarsa. Kiɗan tsoro da ake saukewa daga intanet kada ya shigo wurin. Haka kuma ku kiyayi kiran sallah ya faɗa cikin maganar 'yan wasa: idan kuka zo yanka hoto za ku daddatse shi, kuma ba wanda zai ji daɗin haka.

Takalman suna buƙatar mai tsaronsu. Ku ɗora kyamara a kan abin kafa ta mai ƙafa uku, kada kowa ya taɓa ta tsakanin ɗauka biyun, ku yi wa gurbin takalman alama da alli, mai kontiniti, wato mai lura kada wani abu ya canza tsakanin ɗauka da ɗauka, ya ɗauki hotonsu a waya. In hoton ya gusa ko da ɗan yatsa ne, mai kallo zai ga hannunku a ciki.

Kafin ranar aiki ku je ku gaida maigidan da mai unguwa, ku faɗa musu gaskiyar labarin. Ba kowa ne zai yarda a nuna gidansa a matsayin gidan aljanu ba, ballantana mai ba da haya. Dattijuwar gidan ma tana iya cewa ba za a zuba ruwan zafi a gindin tsamiyarta ba ko da wasa. Kada ku yi mata musu. Ku haƙa ɗan rami ku binne kwano, ku rufe bakinsa da busasshen ganye, ruwan ya sauka a ciki, 'yar wasan kuma ta yi bismillarta a zuci.