Maki 248 Zai Kai Ni Karatun Likita?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Argungu. Na ci maki 248 cikin 400 a jarrabawar JAMB, kuma burina in zama likita. Wace jami'a zan nema?

Amsa: 'Yata, makinki abin yabawa ne, sai dai karatun likita ya fi kowane fanni cunkoso, domin hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci a Najeriya, ita ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. Fara duba sakamakonki na WAEC ko NECO, ki tabbatar kina da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, zai fi kyau a zama ɗaya.

Jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 na gurabe ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da su, 20 kuma ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, kuma jiharki ta Kebbi tana cikinsu. Saboda haka, a ganina, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi sun fi miki sauƙin shiga a kan ta Ibadan ko Legas. Ki dage da shirin jarrabawar tantancewa da jami'a ke yi bayan JAMB, domin ita ce za ta iya ɗaga matsayinki.